Kallon tsuntsaye da namun daji a Bauchi da Gombe: tambayoyi da amsoshi

Tun da aka saba ganina da madubin hangen nesa a wuya ina bin bakin fadama bayan sallar asuba, tambaya ba ta yanke mini ba. Wasu tsokana ce, wasu kuwa da gaske suke son sani, musamman 'yan makaranta da masu turo mini hoto ta WhatsApp su ce "wannan wane tsuntsu ne?" Ga waɗanda suka fi yawan dawowa.

Malam, tsuntsun da ba kamawa za ka yi ba, ba ci za ka yi ba, me kake nema a wurinsa?

Abin da kakanninmu suka nema. Manomin da ya ga shamuwa ta sauka kan tsamiya a tsakiyar gari ya san lokacin sharar gona ya yi, ba sai rediyo ta faɗa masa ba. Makiyayi ya san kaska carki ke bi a jikin shanu. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana takawa a hankali, ai sai da ya daɗe yana kallon burtu kafin ya iya tafiyarsa har dabba ta saki jiki da shi. Abin da muka ƙara a kan nasu shi ne rubutu: me aka gani, a ina, ran nawa ga wata. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, dajin Yankari kaɗai yana da fiye da 350. Mu kuwa idan aka ce mu lissafo, da ƙyar mu kai ashirin kafin mu koma cewa "wani ɗan tsuntsu".

Sai na je Yankari ke nan kafin in fara?

A'a. Fara daga tsakar gidanku. Inda ake sussuka ko wanke-wanke ba a rasa gwara da kurciya da baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke shiga har ƙarƙashin turmi. A mahauta akwai hankaka da shirwa. Idan ka sami wata ɗaya kana kallon waɗannan da kyau, idonka ya sami ma'auni, duk baƙon da ka gani daga baya da su za ka gwada shi.

Daga nan sai bakin ruwa, don can tsuntsu ya fi taruwa kuma ya fi tsayawa a fili. Mutumin Bauchi yana da madatsar Gubi, mutumin Gombe yana da Dadin Kowa a kan kogin Gongola, da Balanga, da dajin Kanawa a kan hanyar Dadin Kowa. A ƙasar Misau akwai tafkin Maladumba, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008. Duwatsun da suka kewaye Bauchi da na Dass da Tula su ma suna da nasu: kazar dutse mai ɗaga wutsiya kamar kazar gida, da rema da ke shan hantsi a kan fa.

Wane kaya zan saya?

Ƙaramin littafi da biro. Waɗannan dole ne, sauran duk ƙari ne. In da hali, madubin hangen nesa mai lamba 8x42: takwas ɗin na nufin yana jawo abu kusa sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Kada manyan lambobin da ake bugawa a jikin na araha su ruɗe ka. Madubin da ke jawowa sau ashirin, hannu ba ya iya riƙe shi ba rawa, kafin ka daidaita tsuntsun ya tashi. Sa tufafi masu duhu-duhu, farar kaftani tana koran tsuntsu tun daga nesa.

Akwai abin da ya fi madubi muhimmanci a zamanin nan. Baƙo mai madubi da littafi a bayan gari abin tuhuma ne, kuma mutane suna da gaskiyarsu. In ka je ƙauyen da ba a san ka ba, fara da gaida mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi a haɗa ka da wani yaro ɗan gari. Kada ka saita madubi wajen bariki, ko shingen jami'an tsaro, ko cikin gidan mutane, ko da tsuntsun da ka shekara kana nema ne ya sauka a kan katangar.

Na ga tsuntsun da ban sani ba. Ta ina zan fara gane shi?

Kowa da launi yake farawa, shi ya sa kowa ke kuskure. Launi yana sauyawa da hasken rana, da ƙurar hunturu, da shekarun tsuntsu, da lokacin shekara. Fara da girma: ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka, ko zabo? Sai baki, don baki ne ke faɗin sana'ar tsuntsu. Gajere mai kauri na mai fasa tsaba ne, siriri mai tsini na mai cin ƙwari, dogo kamar mashi na mai kamun kifi, mai lanƙwasa kamar ƙugiya na mai cin nama, siriri mai lanƙwasa kuma na mai shan ruwan fure. Sai ƙafa da wutsiya. Sai abin da yake yi: tsalle yake ko takawa, shi kaɗai ne ko cikin garke, a ƙasa yake ko a ƙololuwar itace. Bayan duk wannan sannan ka zo kan launi, shi ma ka faɗi inda yake: jan a kai ne, ko a ƙirji, ko a gindin wutsiya?

Ka rubuta tun tsuntsun yana gabanka, kafin ka buɗe littafin hotuna ko waya. Da zarar ka ga hoto, zuciyarka za ta fara gyara abin da idonka ya gani don ya yi daidai da hoton. Na sha yi, na sani.

Ashe ba duk farin tsuntsu mai dogon wuya ne balbela ba?

Wannan darasin a Gubi na koye shi, wata safiya cikin hunturu, hazo ya rufe ruwan har ba a ganin ɗaya gaɓar. Na ƙirga fararen tsuntsaye goma sha biyu a bakin ruwa, na rubuta "balbela 12", na rufe littafi. Wani dattijo masunci yana gefe yana warware koma, ya tambaye ni abin da na rubuta. Da na faɗa masa sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, sake dubawa. Waɗancan biyun ba sa bin shanu." Na ce, "Baba, ai duk farare ne." Ya ce in dubi bakinsu. Goma suna kan ciyawa, gajerun wuya, bakinsu rawaya. Biyun kuwa suna tsaye cikin ruwa, sun fi sirantaka, bakinsu baƙi ne siriri. Da ɗaya ta ɗaga ƙafa sai na ga ƙafar baƙa ce amma yatsun rawaya, kamar ta taka kwaɓin rini. Tana karkaɗa ƙafar cikin laka tana tayar da ƙananan kifi.

Balbela ta gaskiya fara da ƙwari take bi, shi ya sa take manne da garke. Da damina, lokacin ƙwai, gashin kanta da ƙirjinta da bayanta yakan yi ja-ja kamar an shafa mata jar ƙasa. Akwai kuma wata fara babba da ta kusa kai zalɓe tsawo. A sama ma ana rarrabewa: balbela da zalɓe suna naɗe wuya in suna tashi, shamuwa da gauraka kuwa miƙe shi suke yi.

Kurciya iri nawa ce?

Ta fi yadda ake zato. Wadda ta fi yawa a cikin gari ba ta da baƙin zobe a ƙeya, sai ɗigo-ɗigo a ƙirji, bayanta ja-ja, gefen fiffikenta shuɗi-shuɗi. Masu baƙin rabin zobe a ƙeya su ma kashi-kashi ne, kuma da kuka aka fi saurin raba su. Bardo ƙarami ne mai doguwar wutsiya, namijin fuskarsa da maƙogwaronsa baƙi. Hasbiya ta fi su duka girma, tana da jar fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike.

Yaya, jan tsuntsun da ke cika gonar gero da damina, ina yake zuwa da rani?

Ba ya zuwa ko'ina, riga ya sauya. Namijin wannan tsuntsu, wanda wasu ke kira mulufi, ja da baƙi yake yi da damina don neman mata. Da kaka ta wuce sai ya zubar da gashin ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane kamar macen, ya shige cikin garke, ka wuce shi ka ce gwara ne. Haka zalaidu: doguwar wutsiyar nan ta damina ce kawai.

Amma akwai masu tafiya da gaske. Shamuwa tana zuwa mana wajen Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, wajen Oktoba ta nufi gabashi da kudancin Afirka. A daidai lokacin da take tafiya wasu baƙin ke isowa daga Turai, sun ƙetaro teku da Sahara, su zauna da mu har Maris ko Afrilu. Cikinsu akwai ɗan siririn nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu a fadama yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa, wanda nauyinsa bai kai giram 20 ba. Shi ya sa kwanan wata yake da amfani a littafinka. Suna ba kwanan wata rabin labari ne.

In na san sunan tsuntsun, shi ke nan na gama da shi?

Lokacin ne kallon ya fara daɗi. Ɗauki cilakowa. Idan za ta yi ƙwai sai macen ta shiga kogon itace, a liƙe ƙofar da laka da kashi, a bar 'yar tsaga wadda baki kawai ke wucewa. Namijin ne ke ta jigilar abinci yana miƙa mata ta tsagar har 'ya'yan su yi wayo. In ka ga cilakowa na komawa itace ɗaya da fara a baki, zauna nesa ka zuba ido.

Ko baiwar Allah ta tsakar gida tana da nata labarin. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai ƙyalli, farin baki, jan ƙafa, da ke zama kan waya kusa da gidaje. Macensa ba ta yin sheƙa, a sheƙar baiwar Allah take zuba ƙwanta, baiwar Allah ta rena mata. Ɗan da ya tashi a nan yakan koyi kukan uwar riƙonsa, in ya girma ya riƙa sa shi cikin waƙarsa.

Sunan Hausa ya isa, ko sai na koyi na Turanci?

Riƙe duka biyun. Sunayenmu suna da kaifi: wanda ya raɗa wa ragon maza suna ya kalli yadda yake jan jiki cikin ciyawa kamar tashi wahala ce. Matsalar ita ce suna ɗaya yakan rufe nau'i da yawa. "Shaho" ya haɗa masu farauta iri-iri, "tsattsewa" ta haɗa dangi biyu da ba su da kusanci. Kuma abin da Bakatagume ke kira da wani suna, a Gombe wani sunan ne, ga na Fulatanci, da Tangale, da Bolanci, da Jaranci. Sunan kimiyya ne ke sa mai bincike a Jos ko Landan ya san tsuntsun da kake nufi. Amma in ka sami tsohon maharbi ko makiyayi, rubuta sunan da ya faɗa yadda ya faɗe shi, da garin. A ganina waɗannan sunayen sun fi wasu tsuntsayen saurin ɓacewa.

Manhajar waya fa? An ce ana ɗaukar hoto ta faɗi sunan.

Akwai Merlin, ta jami'ar Cornell da ke Amurka, akwai kuma iNaturalist wadda ta haɗa har da ƙwari da tsirrai da macizai, kuma mutane ne ke duba hoton su tabbatar ko su gyara. Suna taimako, amma sun fi sanin tsuntsayen Amurka da Turai, kuma hoton waya daga nesa yakan ruɗa su. Ɗauki amsarsu a matsayin shawara, ka gwada da abin da ka rubuta.

In kana son abin da ka gani ya yi amfani, akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a kowane gefe. Mutum ya zaɓi gida, ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji a manhajar BirdLasser, wadda ke aiki ko ba intanet. Ba a neman digiri. Sharaɗin shi ne kada ka sa abin da ba ka tabbatar ba. Jeri mai suna goma sha biyar na gaskiya ya fi mai arba'in da aka cike da zato.

To Yankari, yaushe ya fi kyau a je, kuma me zan gani?

Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Ciyawa ta bushe, kududdufai sun ƙafe, dabbobi sun dawo kogin Gaji. Da damina dajin ya fi kyan gani amma dabba ta watsu, ciyawa ta fi mutum tsawo. Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Daga Bauchi hanyar Gombe ake bi, a ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofa kuma akwai fiye da kilomita 40 kafin Wikki, inda ruwan ɗumin nan yake, wanda zafinsa ke tsaye a digiri 31 rani da damina.

Gwaggon biri da gadu tun a sansani za su tarbe ka. Rufe ƙofa da gilashin mota, kada ka riƙe leda a hannu, kada ka ba su komai, don ciyarwar ce ta ɓata su. Ɓauna, gwambaza, mazo, dorina da kada ana yawan dacewa da su. Giwa sai rabo, duk da garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Zaki kaɗan ya rage, kada ka sa rai. Da mota da ɗan jagora ake shiga, ba a sauka sai ya ce. Ka roƙe shi ya tsaya a gaɓar da ke da ramuka jere a jikin yashi: gidajen tsuntsayen nan ne kore masu jan maƙogwaro da ke cafke ƙudan zuma a iska.

Gwanki, kanki, gwambaza, mazo: duk kamarsu ɗaya a idona.

Dubi fuska da ƙaho. Gwanki babba ne kamar doki, fuskarsa baƙi da fari kamar an yi mata zane, kunnuwa dogaye, ƙaho ya lanƙwasa baya. Kanki fuskarsa doguwa ce ƙwarai, kafaɗa ta fi ƙugu tsawo, bayansa ya gangara. Gwambaza gashinsa buzu-buzu, gindinsa fari, ba ya nisa da ruwa, namiji kaɗai ke da ƙaho. Mazo ƙarami ne ja mai fararen zane da ɗigo, shi kaɗai yake yawo a cikin duhuwa.

Na ga jakin dawa da raƙumin dawa a Sumu. In rubuta su cikin namun dajin Bauchi?

Rubuta, amma ka sa cewa kawo su aka yi. Waɗannan dabbobin na gandun dajin Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, kyauta ce daga ƙasar Namibiya a 2006. Jakin dawa ba dabbar Afirka ta Yamma ba ce.

An ce an ga sawun zaki a bayan garinmu. Yaya za a tabbatar?

Yawancin irin wannan labari a kan babban kare ko kura yake ƙarewa. Dangin kyanwa, wato zaki da damisa da kyanwar daji, suna ɓoye farce in suna tafiya, don haka sawunsu ba alamar farce, kuma bayan tafin yana da tudu uku. Na kare da dila da kura farce yana fitowa a gaban kowane yatsa, tudun bayan tafin biyu ne. Kashin kura in ya bushe fari yake yi kamar alli saboda ƙashin da take ci. In za ka ɗauki hoton sawu, ajiye biro ko ashana a gefe don a san girmansa, ka ɗauka da sassafe lokacin da inuwa ke fito da shi. Na giwa ba ya ɓuya: auna kewayen sawun ƙafar gaba ka ninka biyu, ka sami kusan tsawonta a kafaɗa.

Maciji fa, shi ma ana tsayawa a gane shi?

Daga nesa. Wadda ta fi yi wa manoman Gombe da kudancin Bauchi ɓarna ita ce kububuwa, gajeruwa ce, sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ruwan ƙasa da fararen ɗigo a gefe. In ta ji motsi takan naɗe tana goga jikinta da jikinta, ka ji ƙara kamar an zuba ruwa a kaskon da ya yi zafi. Akwai wani maciji mai shan ƙwai, marar dafi, da ke kwaikwayon kamarta da ƙararta, amma kada ka ce za ka gwada wanne ne. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. In ta sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a cire zobe da awarwaro, a kai shi asibiti. A Kaltungo akwai asibiti na musamman na saran maciji. In kuma mai tofi ne ya feshi ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa kafin a tafi.

Baba ya ce da ungulu cike take a kasuwa. Ina ta tafi?

Baba ya yi gaskiya. Ungulun mahauta, mai jar fuska, tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Ana kama ta ana sayar da kanta da sassanta don tsibbu, tana mutuwa da gubar da ake sa wa mushe, ana sare manyan itatuwan da take sheƙa, kuma ƙwai ɗaya take yi. Yara da yawa yanzu shirwa suke kira ungulu. Shirwa wutsiyarta a tsage take, tana murɗa ta a iska. Ungulu fiffikenta faffaɗa ne, wutsiya gajeruwa. In ka ga sheƙarta, rubuta a littafinka, amma kada ka sa wurin a Facebook.

Mujiya ta tare a silin ɗinmu, Inna ta ce a kashe ta.

Ki ba Inna haƙuri. In mai farar fuska ce mai siffar zuciya, ɓera ya kawo ta. Hucin da kuke ji da dare kamar numfashin mutum, 'ya'yanta ne ke neman abinci. Ki duba ƙasan inda take kwana za ki ga dunƙule-dunƙulen gashi da take amayarwa. Fasa ɗaya da tsinke a gaban Inna, ƙasusuwa da haƙoran ɓera ne a ciki. In ƙarar ta dame ku, a jira 'ya'yan su tashi sannan a toshe ramin.

Yara sun kamo tsuntsu da zobe a ƙafa, wani ma da 'yar na'ura a baya. Na leƙen asiri ne?

Na masu bincike ne. Suna sa wa tsuntsu zoben ƙarfe mai lamba da sunan gari ko cibiyar da ta sa shi, don a san hanyar da yake bi da shekarun da yake yi. Manya irin su mikiya da dangin shamuwa akan ɗaura musu na'ura mai aiki da hasken rana wadda ke nuna inda suke, ba ta ɗaukar hoto ko magana. In tsuntsun yana da rai, kada a cire zoben. A juya shi a hankali a kwafe duk rubutun da ke jiki, harafi da lamba, a ɗauki hoto, a rubuta sunan garin da kwanan wata, a sake shi a inda aka kama shi. In matacce ne a cire zoben a adana. Bayanin a aika wa cibiyar APLORI a Jos, ko a miƙa wa sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa, a Bauchi ko Gombe ko Kashere.